Na'urar Tikiti Ba Ta Jin Ciniki

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa]

Yau a filin namu tashar jirgin ƙasa za mu shiga, amma ba irin wadda iyayenmu suka sani ba, mai 'yar taga da akawu zaune a ciki yana miƙo guntun kwali. Jirgin cikin gari nake nufi, wanda ke ɗibar mutane daga wannan unguwa zuwa waccan, wani ta ƙarƙashin ƙasa, wani ta kan gada. A irin waɗannan tashoshi, sau da yawa mai sayar maka da tikiti ba mutum ba ne. Wani akwatin ƙarfe ne mai allo, tsaye a jikin bango. Ba ya amsa sallama, ba ya jin "a rage mini", ba a kuma ce masa "zan ciko in na dawo".

Wani zai ce to ina ruwanmu, mu da muke hawa adaidaita sahu da bas? Ai kuwa da ruwanmu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa sari Dubai ko Guangzhou sai ya tsaya a gaban wannan akwati. Haka ɗalibinmu da ke karatu a Landan, da wanda ya kai mara lafiya asibiti a Alƙahira, da wanda harka ta kai shi Riyad, inda jirgin cikin gari mai layi 6 ya fara aiki a watan Disamba na 2024. A nan gida ma abin ya iso. A Legas, layin da ake kira Blue Line, daga Marina zuwa Mile 2, ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba 2023. Ɗan uwansa Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya biyo baya a watan Oktoba na 2024, kuma yana tsayawa a Agege, unguwar da kowa ya san yawan 'yan uwanmu da ke cikinta. Duka biyun da kati ake shiga, katin Cowry, wanda shi ne dai na motocin bas na BRT.

Bari mu ɗan waiwaya baya kaɗan. Wancan guntun kwali na tikiti, wani Bature ne mai suna Thomas Edmondson, shugaban wata ƙaramar tasha a arewacin Ingila, ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1830. Kafin shi, da hannu ake rubuta wa kowane fasinja takardarsa. Shi ya kawo dabarar buga tikiti tun kafin a zo saye, kowanne da lambarsa bi da bi, yadda in an tashi aiki za a san nawa aka sayar, nawa kuma ya kamata a tarar a aljihun tebur. Ku riƙe wannan, don daga lokacin zuwa yau duk wata na'urar tikiti buƙata biyu take biya wa masu jirgi: ta rage layi, ta kuma toshe kafar da kuɗi ke zurarewa.

Landan ce ta fara jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1863. A birnin New York na Amurka kuwa, a 1953 aka ƙara kuɗin jirgi ya koma santi 15, sai aka tarar ƙofofin shiga ba sa iya karɓar sulalla iri biyu a lokaci guda. Maimakon a sake ƙofofin, sai aka ƙera wani kwabo na musamman wanda ba ya sayen komai sai shiga jirgi, kuma shekara 50 ana amfani da shi, sai 2003 aka ajiye. A 1967 Japan ta kafa ƙofar da ke karanta tikiti da kanta a tashar Kita-Senri da ke yankin Osaka. Amma abin da ya sauya harkar gaba ɗaya a Hong Kong ya faru, a watan Satumba na 1997, da aka fito da katin Octopus, wanda ba sai an zura shi cikin komai ba, a ɗora kawai a wuce. Tokyo ta biyo da Suica a 2001, Landan da Oyster a 2003, Dubai da Nol a 2009, shekarar da ta buɗe nata jirgin.

[Ɗan gajeren kiɗa]

To mene ne a cikin katin nan? Wannan tambaya ce nake so mu daɗe a kanta, don wanda ya gane ta, da wuya a ci kuɗinsa a banza.

In ka ɗauki katin ka duba, roba ce kawai. Ba batir, ba maɓalli, ba a cajinsa. Amma a cikin robar akwai wata siririyar waya da aka naɗe ta zagaye gefen katin, kuma wayar tana haɗe da wata 'yar mitsitsiyar ƙwaƙwalwa irin ta layin wayar salula. Ita kuma na'urar da ke ƙofa, inda ake ɗora katin, kullum tana fitar da wani maganaɗisu wanda bai wuce tsawon yatsa ba. Da katin ya shigo wannan da'ira, wayar nan sai ta zuƙi wuta daga maganaɗisun, ƙwaƙwalwar ta farka, ta gaya wa ƙofa lambarta da abin da ya rage a cikinta. Ƙofa ta rubuta mata cewa an shiga a tasha kaza da ƙarfe kaza, sannan ta buɗe. Duk wannan ba ya kai rabin daƙiƙa. Shi ya sa a Tokyo za ka ga mutane na kwarara ta ƙofa ko tsayawa ba sa yi.

Daga nan darasi biyu suka fito. Na farko, kada ka huda katin don ka rataya shi a jikin makulli, kada kuma ka sa shi a aljihun baya ka zauna a kai har ya lanƙwashe. Da wayar nan ta tsinke, kati ya mutu, ko da kuwa a ido lafiyarsa lau. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci: a yawancin irin waɗannan katuna, lissafin kuɗinka a jikin katin kansa yake rubuce. An yi haka da gangan, don ƙofa ta iya aiki ba tare da ta tsaya jiran amsa daga wata kwamfuta mai nisa ba. A nan ya bambanta da katin waya da muka saba, wanda da ka loda, kuɗin ya shiga layinka duk inda kake. Shi wannan, sai katin ya taɓa na'ura kafin a rubuta masa sabon lissafi. Saboda haka in ka tura kuɗi ta manhajar waya, kada ka ɗauka magana ta ƙare. Bincika ka ji yadda ake ɗora kuɗin a kan katin a wannan garin, ko a ƙofa, ko a na'ura, ko wajen wakili.

Yanzu mu je gaban na'urar kanta. A ce ka shigo wata tasha a Landan da katin Oyster a hannunka. Kafin ka taɓa komai, nemi inda ake zaɓen harshe a allon, galibi a ƙasa ko a kusurwa, don na'urorin garin suna da harsuna fiye da goma. Za ka ga wani faifai ruwan ɗorawa a jikin na'urar. Ɗora katinka a kai, allo ya nuna abin da ke ciki. Danna adadin da kake so ka ƙara. Biya, da katin banki ko da tsabar kuɗi in na'urar tana karɓa. To a nan ne baƙo ke yin asara: ya ga na'ura ta haɗiye kuɗi, sai ya juya ya kama hanya. A'a, malam, dawo. Sai ka sake ɗora katin a kan faifan nan karo na biyu, ka ji ƙara, allo ya nuna sabon lissafi, sannan kuɗi ya shiga. A Dubai kuma wani ɗan gurbi ne ake ajiye katin a ciki, kada ka cire shi sai allo ya ce an gama. Ko ina ne dai ƙa'idar ɗaya ce: kada ka bar gaban na'ura sai ka ga sabon adadin da idonka. In ta tambaye ka ko kana son rasit, ce kana so. Ranar da rigima ta tashi, wannan 'yar takarda ce shaidarka.

Sai maganar takardar kuɗi. Kowa ya san halinmu da naira: a dunƙule ta, a cusa a aljihu, a ƙulle a bakin zane, a rubuta lissafi a jikinta. Mai shago zai karɓa ko da yana ƙunƙuni. Na'ura ba za ta karɓa ba. In ka zura takarda, wasu ƙananan idanu ne a ciki ke haska ta da haske iri-iri, har da wanda idon mutum ba ya gani, su auna tsawonta da faɗinta, su duba tawadar da aka buga ta da ita. In abin da suka gani bai dace da abin da aka koya musu ba, sai ta turo maka abarka. Ba jabu ta ce ka kawo ba, ganewa ce ba ta yi ba. Miƙe takardar, warware kusurwoyin, juya ta, ka sake gwadawa. In ta ƙi har sau biyu, canza wata, kada ka tsaya dambe da ita mutane na jira a bayanka. Sulalla ma haka ake auna girmansu da irin ƙarfensu. Kuma ka karanta abin da aka rubuta a goshin na'urar, don wata ba ta ba da canji, wata ba ta karɓar babbar takarda, wata kuma katin banki kaɗai ta sani.

A Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu ke yawan sauka wajajen tashar Xiaobei, tsarin tafiya ɗaya daban yake. Allo zai nuna maka taswirar layuka. Ka taɓa layin, ka taɓa tashar da za ka sauka, ya faɗi kuɗin, ka biya, sai wani kwabon roba ya faɗo. Wajen shiga ɗora shi ake yi a kan ƙofa. Wajen fita kuwa, a rami ake jefa shi, ƙofa ta haɗiye ta buɗe. Wanda ya ɗauka ya gama da shi tun da ya shiga har ya yar, zai sha bayani da ma'aikata a harshen da ba ya ji. A Alƙahira, wadda ta riga duk biranen Afirka samun irin wannan jirgi tun 1987, kuɗin tikiti ya danganta da yawan tashoshin da za ka wuce, don haka ƙirga su a taswira kafin ka saya, kuma ka riƙe tikitin har ka fita.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan na'urorin sayar da tikiti da loda kati a tashoshin jirgin cikin gari. Mun zo kan kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗin baƙo, wato mantawa da ɗora kati wajen fita.

Ku tuna abin da muka ce: wajen shiga, ƙofa ta rubuta inda ka shiga ne kawai. Ba ta san inda za ka ba. Sai ka ɗora katin a ƙofar fita ake haɗa lissafi, a ce daga nan zuwa nan kuɗinsa kaza. To in ka tarar ƙofar a buɗe ka wuce abinka, ko ka bi bayan wani kafin ta rufe, tsarin ba zai san inda ka sauka ba. A Landan, abin da yake yi shi ne ya caje ka kuɗi mafi tsada, kamar ka yi doguwar tafiya. Ana iya neman a mayar maka, amma baƙon da ya zo kwana biyar, yaushe zai tsaya wannan? Wasu tashoshin ma babu ƙofa sam, wani ɗan turke ne kawai a gefen hanya mai faifan ɗora kati. Neme shi. Rashin ƙofa ba ya nufin kyauta ne.

Wani tarkon kuma na zamani ne. Tun 2014 jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan suka fara karɓar katin banki kai tsaye a ƙofa, birane da dama kuma sun bi sahu. Sauƙi ne babba, don ba sai ka je gaban na'ura ba. Amma in ka ɗora walat ɗinka gaba ɗaya, da katin jirgi da katin banki a ciki, ƙofa na iya karanta wannan wajen shiga ta karanta wancan wajen fita. Ka ga an samu tafiya biyu, kowacce ba ta cika ba, kowacce kuma da cajinta mai tsada. Ciro kati ɗaya, da shi za ka shiga, da shi za ka fita. In da waya ka shiga, da ita za ka fita, kuma ka tabbata akwai caji a cikinta.

Kada in yi wa na'ura rashin adalci, tana da nata alherin. Ba ta duba shigarka ta ƙara maka kuɗi, ba ta cewa yau ana ruwa kuɗin mota ya tashi, ba ta riƙe maka canji har ka manta. A Landan tun 2005 akwai iyakar abin da za a cire maka a yini: da ka kai wannan adadi, sauran tafiye-tafiyenka na ranar ba a ƙara cire ko kwabo. A Hong Kong, in kuɗin katinka bai kai ba, ana barinka ka ƙarasa tafiyar, bashin ya zauna a kan katin har ranar da ka loda, don dama ka ajiye kuɗin jingina lokacin da ka karɓe shi. In ka yi wa katinka rajista da sunanka kuma ya ɓace, ana iya rufe shi a mayar maka da abin da ke ciki. Sai dai ka sani, katin da ke ɗauke da sunanka yana ajiye tarihin duk inda ka shiga da inda ka fita. Kowa sai ya auna wanda ya fi masa.

Shawarata ga matafiyi, kada ka zuba kuɗi da yawa a kati. Ɗaruruwan miliyoyin fam ne ke kwance a katunan Oyster da masu su suka daina amfani da su, wasu suna can cikin akwatuna a ƙasashen duniya. Loda na kwana biyu ko uku, in ya ƙare ka ƙara. Ranar tafiya, in abin da ya rage bai wuce fam 10 ba, na'urar tasha na iya mayar maka. A Dubai kuma ka san irin katin da ka saya. Mai katin azurfa ba ya shiga taragon masu katin zinare, namiji ba ya shiga taragon mata da yara, duk biyun akwai tara. Sannan duk wanda ya tare ka a gaban na'ura ba da kayan aiki ba, ya ce zai saya maka ko zai sayar maka da nasa tikitin da araha, yi masa godiya ka wuce. Nemi ma'aikaci mai kaki ko mai bajo a ƙirji. Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Masu jirgi suna son na'ura don ba ta karɓar albashi, ba ta zuwa hutu. A 2015 hukumar sufurin Landan ta rufe kusan duka tagogin sayar da tikiti na jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ce ma'aikatan su fito fili su tsaya kusa da na'urori suna taimakon mutane. A 2023 aka so a yi irin haka a ɗaruruwan tashoshin jirgin ƙasa na Ingila. Jama'a suka yi ca, aka samu martani kusan 750,000, ƙungiyoyin makafi da guragu da tsofaffi na kan gaba, har gwamnati ta janye a watan Oktoba na wannan shekarar. To wannan fa ƙasa ce da kusan kowa ya iya karatu, kowa kuma da asusun banki. In su sun ce na'ura kaɗai ba ta isa ba, ina ga mu?

Ku dubi dattijon da ya taso daga Agege zai je Oyingbo, bai yi boko ba amma yana karanta ajami tsaf, kuɗinsa a aljihu suke, ba a banki ba. Ku dubi baiwar Allah mai goyo da kaya niƙi-niƙi, da makahon da allo mai santsi ba ya gaya masa komai. A Legas yanzu akwai wakilai a tashoshi da ke karɓar kuɗi su loda wa mutum kati, kuma a ganina wannan daidai ne, kada a yi gaggawar kawar da su da sunan ci gaba. Jirgin cikin gari na Abuja, wanda aka buɗe a 2018 ya tsaya lokacin korona, ya dawo aiki a watan Mayu na 2024. An kuma daɗe ana maganar irinsa a Kano da Kaduna. Tun yanzu ya kamata a yi wannan tunani, ba sai an sayo na'urori an girke ba.

Kirana ga hukumomin da abin ya shafa shi ne, duk na'urar da za a kafa a tashoshinmu a sa mata Hausa da sauran harsunan mutanen wurin, a rubuce da kuma a murya. A bar hanyar biya da tsabar kuɗi. A tanadi wutar da ba ta ɗaukewa, don na'urar da ta mutu bayan ta haɗiye kuɗin talaka ta fi rashinta muni. A kuma ajiye mutum mai haƙuri a gefenta daga buɗe tasha har rufewa. Ku kuma matasa da kuka iya latse-latse, in kun ga babba ya tsaya a gaban allo yana waige-waige, ku matsa ku ce, "Baba, in taimaka?" Ku nuna masa inda zai danna, ku bar shi ya danna da hannunsa, kuɗinsa da katinsa kuma su zauna a hannunsa.

Nan za mu dakata a shirin namu na yau.

[Kiɗan rufe shiri]